Kibiyoyi Huɗu a Takardar Obiajulu

Duk wanda ya taɓa kai kekensa gyara a Gyadi-Gyadi a shekarun saba'in ya san Isyaku Mai Faci, kuma da wuya a ce bai sha faɗansa ba. Rumfarsa tana gindin wata darbejiya a bakin titin Zariya: langa-langa biyu, benci ɗaya, sai kwanon ruwan da yake tsoma roba yana neman inda iska ke fita. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannunsa duk kanta. Aiki kam ya iya shi, wannan ba a ja. Amma taurin kai, Allah ya kiyaye! Ka kuskura ka nuna masa inda kekenka yake ƙara, sai ya dube ka sama da ƙasa, ya miƙo maka sifana ya ce, "To bismilla, gyara." Ba ya tambaya, kuma ba a koya masa.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Wudil. Yana saurayi ya haɗa gurmi da hannunsa, yana kaɗawa a bukkar gona inda ba mai jin sa sai tsuntsaye. Ran da mahaifinsa ya kama shi, a gaban mutane ya ɗora ƙafa a kan ƙwaryar ya murƙushe ta, ya ce gidansu ba a roƙo. Isyaku ya bari aka gama girbi, ya ɗaure kayansa ya nufo Kano, bai sake kwana a garin ba. Gyaran keke ma da ido ya ɗauke shi, a tsaye a bayan wani mai gyara a Fagge. Ya auri Kulu, mace mai kaifin baki da tsabtar zuciya, suka haifi uku, suka kama ɗaki biyu a Gyadi-Gyadi tun unguwar rabinta gonaki ce.

A shekarar saba'in da biyu wani dogon mutum ya turo keke rumfar, ƙafar baya ta karkace. Isyaku ya kifa keken, ya shiga ɗaure wayoyin ƙafar yadda ya saba: ya ɗan taɓa kowace da farce, ya kasa kunne, wadda ta yi ƙasa ya ƙara mata, wadda ta yi tsini ya sassauta, har duka suka koma murya ɗaya. Mai keken ya tsuguna yana kallo.

"Malam, wa ya koya maka saurare haka?" in ji shi, da Hausa garau kamar ɗan Ƙofar Mata.

"Kunne ake koya wa mutum?" Isyaku ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Mutumin ya yi dariya. Sunansa Obiajulu. A Sabon Gari aka haife shi, kuma kafin yaƙin basasa shi ne mai kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a otal-otal. Ya gudu gabas lokacin tashin hankali, ya dawo bayan yaƙi da matarsa Adaobi, su biyu rak. Hannunsa na hagu, wanda ake danna tsirkiya da shi, saura babban yatsa da manuni. Sauran ukun wani ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa su a lokacin yaƙin, suka ruɓe, aka yanke. Yanzu shi ne mai tsaron sito a wani wurin sayar da katako a Tarauni, can kuma ya kama ɗaki. Jitarsa tana nan, wani maƙwabci ya ɓoye masa ita shekara biyar a rufin ɗaki. Tana jingine a bango ba mai taɓa ta.

Haka aka fara. Kowace Lahadi bayan la'asar Isyaku zai rufe rumfa ya hau keke zuwa Tarauni. Obiajulu zai rera da baki, ya kama yatsun Isyaku ya ɗora su inda ya kamata, Isyaku ya kaɗa. Wata shida ba a yi ba Adaobi ta fara tsayawa da wanke-wanke tana saurare. Tsirkiyoyin sun tsufa, suka dinga tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, Isyaku kuwa ya ce ba ya ga dalilin zuwa kanti. Ya warware wayar birkin keke, ya zaɓi silin da ya dace da kowane gurbi, ya ɗaura. Sauti ya fito, ɗan kaushi-kaushi amma daidai. Obiajulu ya taɓa wayar ya girgiza kai ya ce ta yi tauri. Isyaku ya ce ai abin da ya yi tauri shi ke daɗewa.

A unguwa an sha yi masa tsiya. Masu zama a bencinsa suna ce masa maroƙin Inyamurai. Kulu ta ce, "Malam, mutum da 'ya'ya uku, ka rasa abin koyo sai garayar Turawa?" Duk ya yi kunnen uwar shegu da su. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ranar Lahadin nan ita kaɗai ce ranar da yake jin ƙirjinsa ya buɗe a cikin mako.

Abu ɗaya ne ya haɗa shi da Obiajulu faɗa, takarda. Obiajulu yana da wani littafi mai baƙin bango inda ya rubuta kiɗe-kiɗensa. Sau uku yana buɗe masa shi. "Duba, Malam Isyaku, ba wuya. Layi shida, tsirkiya shida. Lambar da ka gani a kan layi, ita ce gaɓar da za ka danna a wuyan jita. In ka ga biyar, ka ƙirga ƙarfe biyar." Iyakar abin da Isyaku ya bari ya shiga kunnensa ke nan. Ya ture littafin ya ce, "Malam Obi, wannan na kurame ne. Ni ka rera mini kawai." A shafukan ƙarshe ya hango wasu 'yan kibiyoyi masu lanƙwasa suna tashi daga jikin lambobi, Obiajulu ya ce waɗannan sai ya yarda ya zauna an bi da shi a hankali. Isyaku ya ce to su zauna a nan. Shekara huɗu malamin yana gabansa, da bakinsa da lafiyarsa, kyauta. Kai, wani mutum dai sai addu'a!

A daminar saba'in da shida Obiajulu ya faɗi a bakin sito. Aka kwashe shi zuwa asibiti, aka dawo da shi bayan mako biyu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi ɗungum. Abin da ya rage masa yana motsi shi ne ido, sai wannan hannun na hagu mai yatsa biyu. Adaobi ta aika gida. Amsa ta zo cewa wanta Lawrence zai zo da mota ranar Asabar ta ƙarshen wata ya kwashe su. Saura mako uku ke nan.

Ran da Isyaku ya je dubiya, ya tarar da shi kwance a katifa a ƙasa. Obiajulu ya dinga nuna akwatin ƙarfen da ke lungu yana gurnani, har Adaobi ta gane ta ɗauko littafin. Tana buɗe shafi yana kau da ido, tana buɗewa yana kau da ido, sai da ta kai kusan ƙarshe ya dangwala manuninsa a kan wani shafi ya danne. Sannan ya ɗaga yatsan ya nuna Isyaku.

Adaobi ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce suna da 'ya, Nkiru, kuma wannan kiɗan shi ya yi mata, da shi yake lallaɓa ta ta yi barci tun tana jaririya a Sabon Gari. Yarinyar ta mutu a shekara ta biyu ta yaƙi, yunwa ce ta kashe ta, tana da shekara biyar. Tun ranar bai ƙara rera shi ba, ita ma bai yarda ta rera ba.

"Yana so ya ji shi kafin mu tafi," in ji ta. "Ya san ba zai dawo ba, Malam Isyaku. Ni ma na sani."

Isyaku ya dubi shafin. Layuka, lambobi, da kibiyoyi guda huɗu. Bai san ma'anar kibiyoyin ba, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wannan ɗin? Ba komai ba ne. Kwana uku."

Ya tafi da jitar da littafin. Kwana ukun ya yi su a rumfa, in babu mai gyara ya buɗe shafin a kan benci, ya danne shi da filaya saboda iska, yana ƙirga gaɓoɓi. Ya koma Tarauni da ƙarfin gwiwarsa, ya zauna ya kaɗa. Abin da ya fito ba kai ba gindi. Obiajulu ya runtse ido ya juya fuska bango. Adaobi da ke tsaye a kansa ta lura da yadda idonsa ke bin takardar, ta ce a hankali, "Malam Isyaku, daga wannan gefen ake farawa." Ashe daga dama yake karantowa zuwa hagu, yadda ya saba a allo, don bokon kirki bai taɓa yi ba. Kwana uku yana haddace kiɗan daga ƙarshe zuwa farko. Kunya ta kama shi har wuya, ya huce ta a kan littafin, wai rubutun ne ba tsari.

Ya koma rumfa ya biyo ta hagu, sannan ya sake zuwa Tarauni. Wannan karon kiɗa ya fito, mai sanyi, mai tafiya a hankali kamar ana jijjiga goyo. Kibiyoyin kuwa ya tsallake su, ya danna lambobinsu kawai ya wuce. Adaobi ta saurara har ƙarshe.

"Shi ne," ta ce. "Amma ba shi ba ne. Nasa yana kuka. A wuri huɗu yake kuka, na ƙarshen ya fi tsawo."

"Yaya yake yi da hannunsa a wurin?"

"Ban sani ba. Ni yarinyar nake kallo, ba hannunsa ba."

Obiajulu ya yi gurnani aka matso masa da jitar. Ya ɗora manuninsa a kan tsirkiya ta uku, ya yi ta ƙoƙarin wani abu, jijiyar wuyansa ta tashi, yatsan yana karkarwa, wayar ko gezau. Isyaku ya ɗauka rawar hannu ce irin ta masu ciwo, ya janye jitar yana cewa, "Huta, Malam Obi, huta." Hawaye ya gangaro ta gefen idon mutumin ya shige kunnensa.

Adaobi ta raka shi ƙofa ta ce ya je Sabon Gari mana, har yanzu akwai makaɗa a can, cikin minti biyar wani zai nuna masa, ya sayo tsirkiyar kirki ma a hanya. Kulu ma da ta ji labarin abin da ta ce ke nan. Isyaku ya ce shi ba zai je ya durƙusa wa 'yan otal ba. Gaskiyar maganar ita ce kunya yake ji. In ya je, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya koya masa, kuma me ya sa bai tambaye shi ba. Wannan amsar ce ba zai iya furtawa a gaban kowa ba.

Ya gwada duk abin da ya zo masa. Ya ce kibiya sama take nunawa, bari ya zame da yatsa zuwa gaba. Sauti ya yi tsalle, ba kuka. Ya ce ko murɗa kunnen jita ake yi ana cikin kiɗa; ya murɗa, waya ta tsinke ta tsarge shi a kumatu. Mako guda ya tafi a haka. Ya daina kula masu gyara, mutane suka fara tura kekunansu Unguwa Uku.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, ya kwance wayoyin duka zai goge tsatsa, ya ɗaga wuyan jitar a rana. Sai idonsa na mai gyara ya ga abin da idonsa na makaɗi bai gani ba. Ƙarafan da ke gicciye a wuyan duk sun ci, amma ba iri ɗaya ba. Yawancinsu ɗan rami ne ƙarami daidai inda tsirkiya ke kwanciya. Na bakwai da na tara kuwa, a ƙarƙashin tsirkiya ta biyu da ta uku, cin ya yi faɗi, ya share gefe, ya yi sheƙi, kamar yadda birki ke cin bakin ƙafar keke. Katakon wurin ma ya goge a gicciye. Ƙarfe ba ya cin haka sai in ana goga masa abu. Ya duba takarda: duk kibiyoyin huɗu a kan bakwai da tara suke.

Ya mayar da wayoyin. Ya danna ta uku a gaɓa ta tara, ya kaɗa, ya tura ta gefe, sama, wajen 'yar'uwarta. Sautin ya ɗaga kansa ya miƙe kamar muryar mace za ta fashe da kuka. Tsikar jikinsa ta tashi. Sai a lokacin ya gane abin da yatsan Obiajulu yake ƙoƙarin yi ran nan, shi kuma ya ce masa ya huta. Ya zauna shi kaɗai a rumfa ya zagi kansa da babbar murya, har mai ƙosai ta leƙo.

Saura sanin iyakar turawar. A kan kibiyoyi ukun farko an rubuta rabi, a kan ta huɗu an rubuta ɗaya. Ya je ya sami Adaobi a bakin famfo, nesa da kunnen mijinta, ya roƙe ta ta rera masa wuraren nan kawai. Ta rera da ƙyar. Kunnensa ya kama: inda aka sa rabi, sai sautin ya hau ya kai na gaɓar da ke gaba, inda aka sa ɗaya, sai ya kai na gaɓa biyu. Shi ke nan, takarda ta buɗe. Saura kwana goma.

To amma wayar birki ba don a lanƙwasa ta da tsokar yatsa aka yi ta ba. An yi ta ne ta tsayar da ƙato da buhun gero a gangara. Rabin ma sai ya cije leɓe yake kai shi. Ɗayan kuwa, ya tura har idonsa ya yi ja, sautin ya hau ya hau ya tsaya ƙasa kaɗan da inda Adaobi ta kai, ya ƙi ƙarasawa. A rana ta biyu silin wayar, siriri ga tsatsar damina, ya shige kan yatsansa na kusa da ƙarami ya tsaga shi har ya ga fari.

Nan ne ya yi abin da sai mai faci zai yi. Ya matse jinin, ya goge da tsumman aiki, ya shafa sholisho, gam ɗin da yake faci da shi, ya hura ya ɗan sha iska, ya yanko 'yar roba ya manna, ya danne da babban yatsa yana ƙirgawa kamar yadda yake yi wa kowace taya. Facin ya kama tsaf. Zafin ya ragu, robar ma ta taimaka wajen riƙe waya. Har nuna wa mutanen benci ya yi yana taƙama, wai likitoci su zo su koyi aiki. Da na tsakiya ya tsage shi ma, ya yi masa irin wannan.

Kwana uku yatsan ya fara zuga. Kwana biyar ya kumbura ya yi sumul, kaluluwa ta fito masa a hammata. Kulu ce ta fara jin warin, suna cin tuwo.

"Malam, mene ne wannan a hannunka? Kwance in gani."

"Karkare ne. Zai fashe da kansa."

"Karkaren lafiya? Wallahi wari yake. Ka rufe ciwo da roba kamar tayar keke, ina zai sha iska? Gobe ka tafi asibiti."

"Bayan Asabar."

"Asabar ɗin me? Hannun nan da shi muke ci, Malam! In ka lalata shi, waƙar ce za ta ciyar da yaran nan?"

Ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya daka mata tsawa. Ya kuma san in ya je asibiti za su tsaga yatsan su naɗe shi, kiɗa ya ƙare. Ya ƙara sholisho a inda facin ya fara ɗagawa. Ran Alhamis zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar ɗari da tsakar rana, amma ya zauna da jitar a cinya. Kibiyoyi ukun sun zauna daram. Ta huɗun sau ɗaya ya kai ta, ran Juma'a da hantsi, ya ji ta cika ta tsaya daidai, sai duhu ya rufe masa ido ya kusa faɗowa daga benci. Da ya farfaɗo murna ce ta fara zuwar masa. Ya ce wa kansa tunda ta yiwu sau ɗaya, za ta yiwu gobe.

Asabar da safe ya kasa hawa keke. Ya naɗe hannun da tsumma, ya rataya jitar, ya taka da ƙafa har Tarauni, Kulu na biye da shi da mayafinta, ta ce ba za ta bari ya faɗi a hanya ba kowa. Sun tarar da akori-kura a ƙofar gida, an riga an ɗora kujeru da tukwane, an shimfiɗa katifar a tsakiya, Obiajulu na kwance a kai an tokare masa kai da matashi. Lawrence, wani kakkauran mutum mai agogo, yana ta zagaye motar yana cewa rana na yi, hanya da nisa. Adaobi ta ce masa ya ba su minti biyar. Ta gaya wa Isyaku cewa jitar da littafin nasa ne, sun bar masa.

Isyaku ya hau bayan motar ya zauna a kan wani akwati, gwiwarsa na taɓa katifar. Ya juya wa mara lafiyan gefe kaɗan don kada ya ga hannun, ya warware tsumman, ya fara.

Maƙwabta da suka fito sallama suka yi tsit. Kiɗan ya taho a hankali. Da ya iso kibiya ta farko ya tura, sautin ya ɗaga, Adaobi ta toshe bakinta da hannu biyu ta juya baya. Idon Obiajulu ya buɗe gaba ɗaya, ɓarin fuskarsa mai rai ya shiga rawa. Kibiya ta biyu. Leɓensa na motsi, yana bin kiɗan ba murya. Isyaku bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, duk da kowace turawa ji yake kamar ana soka masa allura mai zafi har kafaɗa. A kibiya ta uku facin ya ɓalle. Robar ta faɗi a kan katifa, mugunya da jini suka biyo wayar, warin ya tashi.

Obiajulu ya sauke ido daga fuskar Isyaku zuwa hannunsa. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin har gaɓa ta biyu, bayan hannun ya kumbura, wani jan layi ya haura zuwa gwiwar hannu. Ya san wannan launin, ya san wannan warin.

Saura layi ɗaya a kai kibiya ta huɗu, sai Isyaku ya ji an cafke masa wuyan hannu. Yatsa biyu ne kawai, amma kamar filaya.

"Malam Obi, sake ni. Saura ɗaya."

Bai saki ba.

"Don Allah sake ni! Na iya ta, wallahi na iya ta, jiya na kai ta. Ita ce babbar. Ka bari ka ji!"

Maƙogwaron Obiajulu ya yi ta aiki, bakin ya karkace, ya yi ta kokawa, sannan wata kalma ta fito, ta farko tun da ya faɗi, kuma ta ƙarshe da wani a Kano ya ji daga gare shi: "A'a."

Isyaku ya fizga, ya roƙa, har ya yi masa tsawa a gaban mutane. Mutumin yana kuka, yana girgiza kai iyakar yadda wuyansa zai iya, yana riƙe. Sai da Lawrence ya hau ya ɓamɓare yatsun. Ana ɓamɓarewa suka koma suka damƙi wuyan jitar, ya ja ta zuwa ƙirjinsa ya ƙanƙame. Adaobi ta yi ta lallashinsa da yarensu, ya ƙi saki. Ta juyo fuskarta sharkaf.

"Ba zai bar maka ita ba, Malam Isyaku. Ya san in ya bar ta ba za ka je asibiti ba. Haka nasa suka yi kafin a yanke." Ta kama hannun Kulu. "Maman yara, ki kai shi yanzu. Yanzu-yanzu."

Aka sauko da Isyaku daga motar. Motar ta tashi, ta bi ta cikin taɓo tana tangaɗi, ta sha kwana. Yana tsaye da littafin a hammata.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Likitan ya duba, ya tambayi wanda ya manna roba a kan ciwo, da aka gaya masa ya yi tsaki ya kau da kai. A ranar suka yanke biyun, suka ce a gode wa Allah da hannun ya tsira. Ya yi kwana goma sha tara a kwance. Yana nan a gadon wasiƙar Adaobi ta iso ta hannun masu katako, wani ma'aikacin jinya ya karanta musu: sun isa lafiya, Obiajulu ya cika kwana goma sha biyu bayan isarsu, an binne shi a garinsu.

Isyaku ya koma rumfarsa daga baya, ya koyi riƙe sifana da abin da ya rage, ya ci gaba da faci har tsufa ya ajiye shi. Faɗan ya ragu, surutun ma haka. Bai sake taɓa abin kiɗa ba, kuma in an kunna rediyo aka sako jita, tashi yake ya ba da wuri.

Amma maganar da Kulu ta riƙe har ta mutu, a ranar wasiƙar nan ya yi ta. Bayan mai karatun ya tafi, ta zauna a bakin gadon tana ɓare masa lemo, ta ce ai Obiajulu mutumin kirki ne, ya so ya cece shi ne.

Isyaku ya daɗe yana kallon hannun da ke naɗe a kan ƙirjinsa.

"Na tambayi likita," ya ce. "Ya ce tun ran Laraba yatsun suka mutu. Ko ya riƙe ni ko bai riƙe ni ba, yankewa za a yi." Ya juyo ya dube ta. "Da ya bar ni, Kulu. Numfashi uku ne fa. Da ya bar ni na kai masa ita."

Kulu, wadda ba ta taɓa rasa amsa ba tun da ya aure ta, ta ajiye lemon a kan faranti ta ja mayafi ta rufe fuskarta.